Ƙyalle na Biyar

Yaba Pogbi ta murza ƙyallen tsakanin yatsu biyu, idonta a rufe, sannan ta ture shi daga ƙirjinta.

"Sibdu, wannan ba namu ba ne."

"Namu ne, Yaba. Mai rumfar har rantsuwa ya yi, ya ce saƙar nan Kudugu ce."

"Kawo ashana."

Shekara ashirin muna maƙwabtaka da tsohuwar nan, ni ke yi mata cefane tun da ƙafa ta ƙi, kuma ban taɓa yi mata wayo na sha ba. Shinkafa sai ta Bagare, miya sai da daddawa, mai sai na kaɗanya wanda matan ƙauye suka kawo a ƙwarya. Ranar da na jefa mata dunƙulen kanti a miya, kwana uku ba ta amsa gaisuwata ba. Kullum maganarta ɗaya ce, in mu ba mu sayi namu ba, wa zai saya?

Likkafaninta ma da hannunta ta ce za ta saƙa. Ta gama ƙyalle huɗu ta adana a akwati. Na biyar, wanda za a rufe mata kai da shi, yana kan masaƙa bai wuce rabi ba ciwo ya kayar da ita. Da likita ya ce a mayar da ita gida, kowa ya gane. Shi ya sa ta aike ni kasuwa da sassafe in nemo farin saƙa na gida.

Na zare zare ɗaya daga gefen ƙyallen, na kusanta shi da wuta. Ya nannaɗe, ya zama ɗan baƙin dunƙule mai tauri, ɗaki ya ɗauki warin roba.

"Auduga toka take zama," ta ce.

Gaskiya tun a rumfa na sani, santsinsa ya yi yawa. Tsoro ne ya sa na karɓa, kada in tsaya yawon nema in dawo in tarar ta tafi.

Ɗanta Salfo, wanda ya iso daga Abijan jiya, ya shigo rungume da bandir ɗin farin yadi a cikin leda.

"Mma, don Allah ki daina wahalar da mutane. Ga yadi mai kyau na zo da shi. Ƙasa ba ta tambayar inda aka saƙa."

"Ni ina tambaya." Ta daɗe tana neman numfashi kafin ta juyo gare ni. "Sibdu, hau masaƙa."

"Ni? Yaba, ke fa kika kore ni daga kanta. Kika ce gefen saƙata kamar tafiyar mashayi."

"Har yanzu haka yake. Hau."

Masaƙar tana tsakar gida, daidai tagar ɗakinta. Na zauna, na ɗora ƙafa, na jefa ƙoshiyar zare. Ban yi layi goma ba muryarta ta fito ta taga.

"Buga da ƙarfi, ba shafa jariri kike yi ba!"

Na buga. Can ta sake cewa na bar zare ya saki, kuma da na duba haka ne. Da kunne kawai take gani. Muryar tana raguwa, ni ina ƙara sauri, zufa tana shiga mini ido ba ni da hannun sharewa. Wajen azahar na lura na daɗe ban ji faɗa ba. Na yi kuskure da gangan, na buga a hankali, na saurara. Shiru. Sai salati ya tashi daga ɗakin.

Ban tashi ba. Ina kuka ina jefa ƙoshiya, don saura kamu ɗaya da rabi.

Salfo ya fito ya tsaya a kaina, bandir ɗin a hammatarsa, idonsa ja.

"Liman ya ce ana idar da la'asar za a kai ta. Ba za mu ajiye gawa saboda ƙyalle ba, Sibdu. In bai ƙare ba, zan yanka wannan."

"Zai ƙare."

A daidai nan zaren ƙoshiya ya ƙare, kuma babu wani a naɗe. In na sauka naɗi saƙa ta tsaya, in ban sauka ba babu abin saƙawa. Na ɗaga kai na dube shi. Haushinsa nake ji ƙwarai, da agogonsa da takalminsa mai ƙyalli.

"Wannan masaƙar ce ta kai ka makaranta," na ce. "Ko ka naɗa mini zare, ko ka matsa ka daina tare mini haske."

Ya tsaya har na ɗauka almakashi zai nema. Sai ya ajiye bandir a kan kujera, ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa, ya jawo kwandon zare tsakanin ƙafafunsa. Ashe hannunsa bai manta ba. Yana naɗawa yana miƙo mini, mutane suna ta cika ƙofar gida.

Ladan yana kiran la'asar na yanke zaren ƙarshe. Rabin ƙyallen miƙe yake sumul, nata ke nan. Nawa rabin ya karkace yadda ta faɗa. Na kai wa masu wanka, babbarsu ta auna a hannunta, ta ce ya isa.

Da maza suka dawo daga maƙabarta, bandir ɗin yana nan kan kujera, ledarsa ko ɓarewa ba a yi ba. Salfo ya wuce tabarmar masu gaisuwa ya zauna a gaban masaƙa. Farin gashin auduga ya manne a baƙin wandonsa daga gwiwa har ƙasa, bai kakkaɓe ba.