Buje Mai Kalmasa

Lailatu na zaune a gindin darbejiyar tsakar gida, tana ninke gefen zanenta kalmasa bayan kalmasa, tana danne kowace da farce. In ta kai ƙarshe sai ta sake, ta faro daga farko.

"Haka take wuni, Gwaggo," in ji Hafiza, autarta, tana shimfiɗa wa baƙuwa tabarma. "Likita ya ce ciwon mantuwa ne, ba ya warkewa. Ni kaina ta daina gane ni. Amma sunanki ba ya barin bakinta, shi ya sa na aika."

Lami ta zauna a hankali saboda gwiwa. Ba saƙon Hafiza kaɗai ya taso ta daga Kusada zuwa Kankia ba. A ƙarshen damina 'yan bindiga suka harbe Sada a gonarsa, shi kaɗai ne ɗan da ya rayu cikin duk waɗanda ta haifa. Mutane sun cika gida, sun ba ta haƙuri, ta amsa wa kowa da idanu a bushe. Kukan ya tsaya mata a ƙirji kamar dutse. Mutum ɗaya ta sani a duniya da za ta iya kifa kai a cinyarsa: Lailatu, ƙawarta tun suna 'yan mata a Tafashiya, wadda ta riƙe ta ranar naƙudar Sada, ta yi masa wankan farko.

"Laila, ina wuni?"

Lailatu ta ɗago, ta yi mata murmushin da ake yi wa baƙo. "Lafiya lau, Hajiya. Daga ina?"

"Daga Kusada."

"Ba ki haɗu da Lami a hanya ba? Bujena na wurinta. Kore, mai kalmasa."

Hafiza ta buɗe baki, Lami ta ɗaga mata hannu.

Ta tuna bujen. A wancan zamanin, kowace yarinya a ƙauyensu zane take ɗaurawa, sai 'yan makarantar kwana suka fara dawowa hutu da buje. Da farko mai tattara aka yi yayi, wanda ke buɗewa kamar laima in yarinya ta juya. Daga baya mai kalmasa ya shigo. Su biyu suka haɗa yadi ɗaya, Haladu tela ya ɗinka masu buje ɗaya tak, suna sa shi bi da bi.

"Wane iri ne?" Lami ta tambaya, don kawai ta ji muryar.

Fuskar Lailatu ta washe. "Ke, ba ki taɓa ganin irinsa ba! Sai mun jiƙa shi da sitaci, mu jera kalmasar, mu danne ƙarƙashin tabarma shi kwana. Baban Lami malami ne, ba ya son buje. Sai ta ɗaura zane bisa, in mun wuce zaure, mun kai bayan kuka, ta kwance zanen ta cusa a kogon." Ta yi dariya har da tafa hannu. "Da aka fara yayin mai tsaga a baya, Lami ta aro ɗaya, innarta ta kama allura ta ɗinke tsagar tsaf. Lami ta yini tana tafiya kamar an dabaibaye akuya!"

Lami ta yi dariya ita ma, amma dariyar ta karye a tsakiya. Ta matso, ta kama hannun nan mai sanyi.

"Laila, dube ni da kyau. Ni ce Lami."

Lailatu ta dube ta, tun daga furfurar da ta leƙo ta gefen ɗankwali har zuwa faso na dugaduganta. Ta zare hannunta cikin ladabi.

"Haba, Hajiya. Lami yarinya ce. Ƙugunta kamar na zanzaro."

"Kin tuna Sada? Ɗana, wanda kika yi wa wankan farko?"

"Lami ba ta yi aure ba tukuna."

"Sun kashe shi, Laila." Lami ta ƙara matsowa. "A gona. Da lauje a hannunsa."

Lailatu ta girgiza kai da tausayi. "Allah sarki. Allah shi jiƙan Musulmi. Ki yi haƙuri, kin ji, baiwar Allah." Ta mayar da idonta kan gefen zane, ta ci gaba da kalmasa.

Kalmomin da kowa ya faɗa ne, babu ko ɗaya da ya bambanta.

Hafiza ta juya baya tana share ido da gefen hijabi. Ta kawo fura, Lami ta kurɓa don kada a ce ta ƙi. Suka yi sallar la'asar. Lailatu ta yi ta ba da labarin wani bujen kuma, mai jelar kifi, wanda ya zo bayan aure ya raba su, ba su samu sun sa ba. Ta ce da Sallah za su ɗinka, ita da Lami, shuɗi.

Da rana ta yi sanyi Lami ta miƙe, ta dafa bango.

"Gwaggo, ki kwana mana," in ji Hafiza. "Wataƙila da safe ta gane ki."

"A'a, ɗiyata. Na bar awaki babu mai ba su ruwa."

Ta kai bakin zaure ke nan Lailatu ta ɗaga murya.

"Hajiya! In kin ga Lami ki ce mata ba fushi nake ba. Ta riƙe bujen in tana so. Ita dai ta zo."

Lami ta tsaya, ba ta waiwaya ba.

"Zan faɗa mata," ta ce.

A bakin titi motar Kusada ta tsaya, direba ya leƙo yana tambaya ko za ta. Ta dube shi kamar ba ta jin Hausa, har ya gaji ya ja motarsa.