Miƙaƙƙen Layin Kawu

Matar da ke zaune a bakin ɗakin taro ko kai ba ta ɗaga sosai ba, ta dai nuna musu wata kanta da bakin biro.

"A ajiye jakunkuna a can. Allon zane, kwamfuta, waya, duk a waje za su tsaya. Akwai namu a ciki."

Tawada ta tsaya cak. Ta ƙanƙame jakar da ke rataye a kafaɗarta, wadda allon zanen Kawu yake ciki.

"Ai da namu muka saba aiki," ta ce. "Hannu yana sabawa da allo."

"Umarnin Darakta ne. Kamfani biyu sun kawo mana zanen da na'ura ta yi musu, suka ce hannunsu ne. Yanzu kowa a gabanmu zai zana, a kan allonmu."

Kawu ya kwashe da dariya, ya zare jakar daga kafaɗar 'yar ƙanwar tasa ya ɗora a kan kantar da kansa.

"Madalla da wannan doka! Ku ba ni gawayi da bango ma, zan zana muku."

Haka Kawu yake, bakinsa ba ya mutuwa. Shekara talatin da huɗu ke nan yana zana mutanen littattafan yara, tun zamanin takarda da buroshi. Shi ya laƙaba mata Tawada, ranar da tana 'yar shekara biyar ta kifar masa da kwalba guda a kan bangon littafin da ya yi mako yana yi. Bai dake ta ba, fensir ya miƙa mata ya ce tunda ta ɓata sai ta gyara. Tun daga nan take gefensa, har ya buɗe ɗan ofishinsa mai ɗaki biyu, ita ce hannun damansa.

To amma akwai abin da Kawu bai sani ba, shi ne kuma ya sa zufa ta karyo mata duk da sanyin na'urar sanyaya ɗaki.

Bara hannunsa na dama ya fara rawa. Da farko kofin shayi ne yake ƙara a kan faranti, daga baya abin ya sauko kan alƙalami. Layi ɗaya sai ya ja shi sau ashirin yana gogewa. Wata rana ta shigo ta tarar da shi ya danne hannun a ƙarƙashin cinyarsa yana kallon allo, idanunsa sun kaɗa sun yi ja. Tausayinsa ya kama ta. Yana fita shan iska ta zauna a kujerarsa ta buɗe saitin manhajar. Akwai wani ma'auni a ciki mai daidaita layi, daga sifili zuwa ɗari: hannu ya yi karkarwa, manhaja ta shanye, layi ya fito sumul. Ta kai shi talatin.

Kawu kuwa maɓalli uku kawai ya yarda ya koya a duniya, na alƙalami, na gogewa, da na komawa baya. Sauran duk "tarkacen yara" yake ce musu. Da ya dawo ya ja layi ya ga ya miƙe, sai da ya tashi tsaye don murna. Rawar tana ƙaruwa, Tawada tana ƙara lamba a ɓoye, hamsin, saba'in, har yanzu tana kan tamanin da biyar. Layin yana ɗan biyo alƙalami a makare, shi kuwa ya ɗora laifin a kan tsufan kwamfuta. Duk safiyar Litinin sai ta ga ya zana wani nannaɗaɗɗen zobe irin na maganin sauro kafin ya fara aiki, ta ɗauka motsa hannu yake yi, ba ta taɓa tambaya ba.

"Kawu," ta ce a hankali, ta ja hannun rigarsa zuwa jikin taga. "Ka bar ni na zana yau. Kai ka yi musu bayani."

"Ke? A takarda sunan wa aka rubuta?"

"Naka. Amma ka ga ba ka saba da allonsu ba, kuma hannun nan…"

"Wane hannu?" Ya ɗaga shi sama, yatsun suna kaɗawa ƙiri-ƙiri, shi kuwa ko a jikinsa. "Rabu da shi, iskancinsa a kan kofi yake yi. Da ya ji alƙalami sai ya nutsu, ya san ubangidansa. Likita da kansa ya ce na ba shi mamaki."

Maganar ta zo mata har baki. Kalma nawa ce? Kawu, ni ce. Ta buɗe baki ke nan ƙofa ta buɗe aka ce su shigo.

Ɗakin dogo ne, da tebur mai sheƙi da mutum biyar a zaune. A bangon gaba an kafa ƙaton talabijin wanda duk abin da aka zana a allo zai fito a kansa, girmansa ya kai ƙofa. Darakta mace ce siririya mai tabarau, irin mutanen nan da ba ka gane ko sun ji daɗi ko ba su ji ba. A gefe injiniyan kamfanin yana tsaye da igiyoyin waya a hannu.

Tawada ta yi wuf ta nufi allon.

"Bari na duba masa tsayin kujera da alƙalamin."

"An riga an saita komai," in ji injiniya, ya sa hannu ya tare. "Mai zane kaɗai zai taɓa."

Ta koma ta zauna a kujerar bango.

Darakta ta yi bayani a taƙaice. Wasan yara suke haɗawa na waya. Sun ga Bushiya mai gyaran laima da ofishin Kawu ya aiko, wadda duk laimar da ta gyara sai ƙayarta ta sake huda ta, kuma ta burge su. Yanzu maƙwabcinta suke so, sabo fil, a ƙirƙire shi a nan cikin minti arba'in.

Nan fa Kawu ya samu filinsa. Ya gyara zama ya naɗe hannun riga.

"Ranki ya daɗe, ni ba na fara mutum daga ido ko hanci. Tambaya nake fara yi. Me yake tsoro? Me yake ɓoyewa? In ya tsaya jiran mota, a kan wace ƙafa yake dogara? In kin amsa waɗannan, siffa da kanta za ta zo. Bushiya da'ira ce, mai taushin hali. To maƙwabcinta dole ya zama dogo mai kusurwa, yadda ko an shafe su da baƙi an bar inuwarsu kawai, yaro ɗan shekara uku zai ce ga wance, ga wane."

Mutanen tebur suka gyaɗa kai, ɗaya har yana rubutawa. Wallahi in da a baki ake zane, da an gama a nan an ba su aikin. Tawada tana kallon hannunsa yana tafiya wajen alƙalami.

Ya ɗora bakin alƙalami ya ja layin farko, dogon wuya daga sama zuwa ƙasa.

Abin da ya fito a bango ya yi kama da haƙoran zarto.

Kawu ya ɗan yi tsaki, ya danna komawa baya, ya sake ja. Wannan ya fi na farko muni, ga shi talabijin ya ninka kowace karkarwa sau goma. Ya goge. Ya riƙe tsintsiyar hannun da na hagu ya sake. Wani a ƙarshen tebur ya yi gyaran murya. Mai rubutun nan ya ajiye bironsa.

"Alƙalamin nan naku ya sha wuya," in ji Kawu, yana murmushin da bai kai ido ba. "A canza min."

Aka kawo wani. Ya gwada da'ira, abin da ya yi shekara talatin yana yi ido rufe. Ta fito a tattare, bakinta bai ma haɗu ba.

Tawada ta ga gumi yana bin bayan kunnensa yana shiga wuyan riga. Ta ji kamar ta tashi ta fizge igiyar talabijin ɗin daga bango.

"Malam injiniya," Kawu ya ce, muryarsa ta sauka, "allon nan lafiyarsa kuwa? Nawa na ofis ba ya yin haka."

Injiniya ya leƙo ya taɓa wani wuri.

"Lafiya lau yake. Sai dai mai daidaita layi a sifili yake, haka Darakta ta ce a bar shi. Wataƙila naka a kunne yake."

"Mai daidaita me?"

"Layi. Wanda yake shanye rawar hannu." Injiniyan ya ɗan yi dariya, bai san wutar da yake hurawa ba. "Ai duk mai zane ya san shi."

Kawu ya ɗago alƙalamin daga allon. Ya dubi hannunsa, ya dubi abin da ke bango, sannan ya juyo a hankali da kujerar gaba ɗaya ya dubi Tawada. Mutum ɗaya ne a duniya yake taɓa masa kwamfuta. Ta so ta sunkuyar da kai, wuyanta ya ƙi. Ba harara ya yi mata ba, da ma hararar ce da ta fi sauƙi.

"Saura minti ashirin da takwas," in ji Darakta.

Kawu ya ajiye alƙalamin a kan tebur, ya tashi.

"Tawada, zo ki zauna."

"A takarda kai ne mai zanen," Darakta ta ce.

"Haka ne, ranki ya daɗe. Takardar ta tsufa. Ni zan faɗa, ita ta ja. In bai yi muku ba, ƙofa ba ta da nisa."

Darakta ta dube shi ta saman tabarau, ta ɗaga kafaɗa. Tawada ta zauna a kujerar da ɗuminsa bai bar ta ba. Ta ɗauki alƙalamin.

"Zalɓe ne," Kawu ya ce daga bayanta, muryarsa a bushe. "Fara da inuwa, baƙi zalla. Dogon wuya, ƙananan kafaɗu. A'a, kin sa shi ya yi fara'a, karya wuyan nan baya, mai girman kai ne. Yawwa. Yanzu fitar da siffarsa a kan inuwar. Ba shi kwat wadda ta yi masa yawa."

Ta bi shi layi bayan layi. Tsuntsun ya fara tsayuwa a bango, ƙafa ɗaya a ɗage, baki a sama kamar mai jiran a gaishe shi. Wani ya yi 'yar dariyar jin daɗi.

"Fiffikensa na dama ki cusa shi cikin aljihun kwat. Gashinsa ya zube, ba ya tashi."

"Shi ne abin da yake ɓoyewa?" Darakta ta tambaya. Karon farko ke nan ta matso da kujerarta.

"A'a. Shi yana nan yana cika baki cewa gobe zai tashi sama. Maƙwabta ne suke ɓoye masa. Kowa a layin ya sani, sai shi."

Alƙalamin ya tsaya a hannun Tawada. Hawaye ya cika mata ido har allon ya dushe.

"Ci gaba," in ji Kawu. "Saura inuwar ƙarƙashin baki."

Sun gama da saura minti uku. Darakta ta daɗe tana kallon Zalɓen, ta ce za su tattauna, za a kira su. Ko a ba su ko a hana su, Tawada ba ta ma ji ƙarshen maganar ba.

Suka karɓi jakunkuna suka sauka hawa huɗu, Kawu yana gaba tana biye. Sai a wurin ajiye motoci, rana tana dukan rufin motarsa, ya tsaya.

"Nawa?"

"Tamanin da biyar."

"Cikin ɗari?"

Ta gyaɗa kai.

"Tun yaushe?"

"Wata goma. Kawu, wallahi ba don na raina ka ba ne. Na ga yadda kake zama ka danne hannun, na kasa jurewa. Ka yafe min."

Ya zaro wayarsa, ya sha fama kafin yatsansa ya sami wurin, ya miƙa mata. Hira ce tsakaninsa da likita. Hotuna ne jere, duk Litinin ɗaya, nannaɗaɗɗen zoben nan mai kama da maganin sauro, kowanne sumul kamar da injin aka buga shi.

"Gwaji ne," Kawu ya ce. "Ya ce na riƙa zana masa duk mako. Ya ce ranar da layin ya fara karyewa na zo a guje a canza magani, don abin nan da wuri ake tare shi. Na ce masa a allo nake aiki, a allo zan zana. Karanta na ƙasa."

Ta karanta. Wata bakwai da suka wuce likita ya rubuta: Madalla, ka rage ƙwayar zuwa rabi. Wata huɗu da suka wuce: Ba sai ka zo ba, mu haɗu baɗi.

Ta jingina da motar duk da zafin ƙarfen. Ashe duk lambar da ta ƙara, maganinsa take ragewa.

Kawu ya laluba aljihu ya fito da takardar shiga da mai gadi ya ba su, ya juya bayanta a kan murfin mota, ya ciro biro. Ya fara daga tsakiya yana zagayawa waje. Layin ya yi tsalle, ya haye ɗan'uwansa, ya huda takardar a zagaye na uku. Bai tsaya ba sai da ya kai ƙarshe.

"Ɗauki hotonsa ki tura masa. Ni in na riƙe wayar ba zai fito ba."

Ta ɗauka. Ta tura.

Kawu ya zaro makullin mota ya dube shi, makullan suna kaɗawa a tsakanin yatsunsa suna ƙara. Tun da take bai taɓa barin kowa ya ja motar nan ba. Ya ɗora mata a tafin hannu, ya zagaya ɗaya gefen ya buɗe ƙofa.

"Share fuskarki ki ja mu," ya ce. "Ba ofis za mu ba, wurin likita za mu. In mun je, ke za ki faɗa masa lambar da bakinki."