Gaisuwar Obadiya da Layi Biyu na Na'ura

Mutum ya ɗauki gaisuwa, abin da iyaye suka bar mana don zumunci, ya mai da ita tarko. Laifin da zan ba ku labarinsa ke nan, kuma mai shi bai sha ba.

A shekarar 1998, a wani asibitin mishan na ƙasar Madawa, akwai ordinata, wato kwamfuta, guda tak, tsohuwa, wadda wani baƙon ma'aikaci ya bari da zai koma ƙasarsu. Ɗaki biyu gare ta a ciki. Ɗaya Dos, baƙin allo da farin rubutu, inda Lai'atu ke aikin magungunan farmasi. Ɗaya Windos mai launi, inda Obadiya sakatare ke buga wasiƙu, in ba idon kowa kuma ya buga karta. In an kunna ta sai ta fito da layi biyu ta tsaya, har mutum ya zaɓi nasa da maɓallin kibiya.

Lai'atu ta tafi hutun haihuwar ɗiyarta Godiya. Da ta komo, layi biyun nan sun ɓace. Ita ke da kile, wato makullin ɗakin da na'urar take, ita ke kunna na'urar da safe in an ta da gurup, injin wutar asibitin, amma kullum ɓangaren Obadiya ke buɗewa.

"Ɓangarenki ya ruɓe, Maman Godiya," in ji Obadiya. "Tsohon abu ne. Kuma kada ki riƙa kashewa kina kunnawa, sau guda a yini taka so."

Malam Musa, dattijon da ke shugabancin biro, wato ofishin asibitin, ya ce in wata ya ƙare abin bai gyaru ba za a kai na'urar ofishin Obadiya, Lai'atu kuwa ta koma tagar farmasi tana ƙulla ƙwayoyi a takarda. Lai'atu ta ji zafi. Da gumin goshinta ta koyi aikin nan, yatsa ɗaya ɗaya, har mijinta na yi mata dariya.

Ga kuwa abin da ke faruwa kowace safiya. Da ta danna maɓalli, sai ga Obadiya bakin ƙofa, fuska cike da fara'a.

"Ina kwana, Maman Godiya? Ina gajiya? Yaya jaririya, ta bar kukan dare? Maigida fa? Kwana biyu ban ga Inna ba, ƙafar da sauƙi?"

Lai'atu 'yar mutunci ce, ba ta amsa gaisuwa da ƙeya. Sai ta juyo gaba ɗaya, ta amsa, ta tambayi mutanen gidansa su ma. Kafin ta waiga allo ya yi shuɗi, Obadiya ya ja kujera yana cewa, "Kin gani? Ta sake. Bari in rage aiki tun da ta buɗe."

Har cikin addu'ar safe ta sa abin.

Ana nan sai ruwan shuka ya sauka, mai yawa. Gari na wayewa duk mai gona ya ɗauki iri ya fita, Obadiya ma ya hau moto, wato babur, ya nufi gonarsu ta Galma. Lai'atu ta zo ɗaki ba kowa, ta danna maɓalli, ta juya bakin ƙofa don sabo. Ba mai gaisuwa. Sai ta zuba wa allon ido.

Layi biyu suka fito, kamar walƙiya. Yatsanta ya riga tunaninta, ta danna kibiya. Layukan suka tsaya cak. Ta sauko kan nata, ta danna. Baƙin allo ya buɗe, ga magungunanta jere yadda ta bar su, ko ɗaya bai ruɓe ba.

Ta miƙe da goyo a baya ta taka rawa ita kaɗai, tana waƙar yabo ta majami'a, har jaririya ta farka tana dariya. Daga nan ta ruga ta kamo Malam Musa.

Washegari Obadiya ya zo da gaisuwarsa a baki, ya iske dattijo zaune.

"Riƙe gaisuwar tukuna, ɗana," in ji Malam Musa. "Baƙon da ya bar na'urar nan kai ya gwada ma inda ake rubuta tsawon jiran na'ura. Buɗe muna."

Obadiya ya buɗe. Rubutu ne kaɗan. Layi ɗaya na faɗin ɓangaren da za ta shiga in ba a zaɓa ba, an sa Windos. Ɗaya na faɗin daƙiƙun jira, an sa biyu.

"Wa ya rubuta biyu?"

"Baba, don a rage ɓata lokaci ne..."

"Kai da ke tambayar ƙafar Inna kullum, kai ka san ɓata lokaci? Ashe lafiyarmu ba ta dame ka ba."

Lai'atu ta ce, "Ni ko har na ce ma maigida, duk asibitin ga babu mai ladabin Obadiya."

Ma'aikatan da suka taru a taga suka fashe da dariya.

Malam Musa ya ce ba za a hana mutane gaisawa don ƙarfe ba, ƙarfen ne zai koyi jira. Ya leƙa waje ya hango Gali, wani makiyayi na wajen Tama da ya zo amsar maganin ƙafa, mutumin da in ya fara gaisuwa sai tuwo ya huce. Ya kira shi, ya ba Lai'atu agogonsa ta riƙe don auna lokaci. Suka fara gaisawa. Gida, iyali, ruwa, shuka, gajiyar hanya, shanu, maruƙa, rijiya, baƙin bijimi mai karyayyen ƙaho, suka sake komowa kan gida. Gali bai san aunawa ake ba, ya ga dai yau ya samu mai amsa mishi yadda ya kamata, sai ƙara wa yake. Da suka sauke, an kusa minti huɗu.

"Rubuta hakanan," in ji dattijo. "Kuma in ba a zaɓa ba, ta shiga wajen magani. Wasiƙa na iya jira, mai zazzaɓi ba ya iyawa."

Obadiya ya rubuta da hannunsa. Aka kashe, aka kunna. Layi biyu suka fito suka zauna da haƙuri. Lai'atu ta juya ta gaida kowa na ɗakin, har Gali, ta waigo ta iske su suna jiranta.

A ranar aka ɗauke na'urar zuwa farmasi. Obadiya ya rasa kartarsa, don an goge ta a gabansa. Ya rasa fanka, don ta bi na'urar. Ya rasa kujera mai taushi, Lai'atu ke shayar da Godiya a kanta. Wasiƙunsa kuwa sai bayan azahar, in ta ƙare, kuma sai ya yi sallama an ba shi izini.