Kubbar Fenti a Kan Kabarin Onofrio

Tun da girgizar ƙasa ta rusa kubbar cocin, mutanen birnin suka rantse ba za su ƙara ɗora dutse a saman kawunansu ba. Sai aka ɗauko mai zane daga Roma, ya zana musu kubba a shimfiɗaɗɗen rufi, da ginshiƙai da mala'iku masu kumatu kamar 'ya'yan mai gidan burodi. Amma kubbar ƙaryar ba ta tsayawa daidai a ido sai an kalle ta daga wuri guda tak. Kana gusawa, ginshiƙan su karkace.

Wurin nan kuwa, don tsabar rashin ta-ido, shi ne dutsen marmara na kabarin Onofrio, mijin Ninfa masaƙiya, wanda aka binne a daɓen cocin.

Shekara da shekaru Ninfa na kallon baƙi suna hawa kan mijinta, baki buɗe, suna juyi da dugadugan takalma, sunansa da aka sassaƙa yana ta shafewa. Ranta ya ɓaci iya ɓaci, ta tare Fada Liborio, limamin cocin.

"Fada, mijina ne kuka mayar abin goge ƙafa?"

"Haba 'yata, ai daraja ce. Daga kansa ake hango Aljanna."

"Aljannar fenti! Mutumin da ko inuwar wani bai taɓa takawa ba? Ku matsar da shi."

"Mamaci? Sai da izinin Bishop."

"To ku matsar da Aljannar."

Fada ya yi dariya ya wuce abinsa.

Ranar da Bishop ya zo ganin zanen, Ninfa ta riga kowa shiga da kujerarta ta kaba, irin wadda mata ke zuwa da ita ibada. Ta dasa ta a kan kabarin, sunan a tsakanin ƙafafun kujerar, ta zaro carbi. A garin nan ko sarki ba ya tayar da mai baƙaƙen kayan takaba daga addu'a.

"Uwargida Ninfa, don Allah, ɗan gusa," Fada ya raɗa mata, yana share gumi.

"Addu'a nake wa mijina, Fada. Ko ita ma sai da izini?"

Dole Bishop ya tsaya a gefe. Ya ɗaga kai, ya ga ginshiƙai sun rankwafo za su faɗo masa, ya yi alamar gicciye ya nemi ƙofa.

Da aka watse Ninfa ta durƙusa tana shafa dutsen. Ba ta iya karatu ba, amma ta san mazaunin kowane harafi. Biyu kaɗai yatsanta ya samu, sauran takalma sun cinye su. Ta share hawaye, ta koma kan kujerar ta zauna.