Zoɓon Martina

Hajiya Furera tana da ƙa'ida guda game da abinci, kuma ta taho da ita daga Maigatari har Amurka ba tare da jami'an kwastan sun gano ta ba: ba ta cin abin da ba ta ga hannun da ya dafa shi ba. A gidan ɗanta Nasir da ke garin Laurel, kusa da Washington, wannan bai taɓa zama matsala ba, domin surukarta Najiba a gabanta take girki, ita kuwa tana zaune tana duban tukunya kamar mai tsaron jarrabawa.

Matsalar ta taso ne wata Talata ta watan Yuli, lokacin da Nasir ya ɗauki hutu a wurin aiki, ya ce bai dace uwarsa ta koma gida ba ta ga Washington ba. Najiba ta zuba musu shinkafa da wake a kula, ta tuna wa mijinta cewa Hajiya ta sha ƙwayar ciwon sukarinta, kuma likita ya yi gargaɗi kada abincin rana ya wuce ta. Suka hau jirgin ƙasa. Da suka sauka, Nasir ya ɗauka kular tana hannun Hajiya, Hajiya ta ɗauka tana hannun Nasir, kular kuwa ta yi zamanta a ƙarƙashin kujera.

Ba su lura ba sai bayan an daɗe, domin birnin bai ba su sararin lura da komai ba. Hajiya ta tsaya gaban farar ƙubbar majalisa ta ɗaga kai har gyalenta ya zame. Ta dubi filin ciyawar da ya miƙe har inda ido ya gaza, babu akuya ko ɗaya a cikinsa, ta tambayi ko mutum nawa ne suke share shi. A can nesa ta hango wani dogon ginin dutse mai tsini ya soki sama. A wani gidan tarihi ta ga jiragen sama na gaske rataye a rufi kamar ƙwarya a ragaya. A wani kuma ta tarar da giwa tsaye a tsakiyar zaure, aka ce mata ta mutu tun da daɗewa, fatarta ce aka cika. Abin da ya fi ɗaure mata kai shi ne ba a karɓar ko kwabo a ƙofa. Ta yi ta tasbihi a hankali, tana riƙe da hannun rigar ɗanta, ayarin 'yan makaranta masu riguna iri ɗaya suna ratsa su ta ko'ina.

Bayan azahar tafiyarta ta sauya. Nasir ya ga zufa a goshinta, ya ga yatsunta suna rawa a kan carbi. Ya nemi kula, babu kula. Ta lalubo dabinon ƙarshe a jakarta ta ci, ta ce ba komai. Shi kuwa ya san dabino ɗaya ba zai kai su ko'ina ba.

Ya fara kai ta ɗakin cin abinci na gidan tarihin. Abincin yana jere a ƙarƙashin fitilu, kowanne a naɗe cikin takarda, babu alamar wanda ya dafa shi, sai ka ce daga rufi ya faɗo. Hajiya ta nemi a faɗa mata kuɗinsa da naira. Nasir injiniya ne, aikinsa bai koya masa rage lissafi ba, don haka ya faɗi gaskiya. Ta ce a kasuwar Maigatari wannan kuɗin ɗan akuya ne, kuma ko ɗan akuyar ma sai ta ga wanda ya yanka.

Suka fito bakin titi, inda motocin sayar da abinci suka yi layi. Nan an ga hannu, yana fitowa ta taga, amma Hajiya ta lura hannun mai karɓar kuɗi ne, yana miƙo burodi da wani dogon nama a ciki da ba a san asalinsa ba.

"Inna, don Allah ki daure, ko burodin kawai," in ji Nasir.

"Kai dai mu je," ta ce. Ba ta kiran sunansa, domin ɗan fari ne. "In ajali ne, ai nan ma ƙasar Allah ce."

Wannan maganar ba ta kwantar masa da hankali ba. Ya zaunar da ita a inuwa, ya duba wayarsa, wayar ta jero masa wurare masu fararen tebura da ake neman izinin zama tun jiya. Yana cikin haka sai ya hango wasu leburorin gini da hulunan kwano, suna tafe suna cin wani abu daga takardar gwangwani, fuskokinsu a sake. Shekarun da ya yi a wuraren gini sun nuna masa cewa irin waɗannan mutane ba sa cin abinci mai tsada, kuma ba sa komawa inda aka ba su marar daɗi. Ya tare su. Suka nuna masa wani lungu a bayan wani babban otal, suka ce ya nemi shagon Martina.

Tafiyar ba ta da nisa, amma Hajiya ta yi ta jingine da kafaɗarsa. Shagon ƙarami ne, tebura kaɗan, rediyo yana kiɗa a kan firji. Ƙamshin masara ne ya fara tarbar su. A bayan wani gajeren kanta wata mace ce mai ƙiba, furfura ta fara ratsa kitsonta, tana gutsuro ƙullin masara, tana mulmula shi, tana tafa shi tsakanin tafukanta har ya yi faɗi, sannan ta shimfiɗa shi a kan kasko. Ita ce Martina.

Hajiya ta saki kafaɗar ɗanta. Ta tuɓe takalmanta a bakin ƙofa, ta yi sallama. Nasir ya raɗa mata cewa shago ne, ba gida ba. Ta ce inda mace take girki da hannunta gida ne. Ta matsa gaban kantar ta shiga gaisuwa: ina wuni, ina gajiya, ina aiki, ya yara, ya mai gidan. Martina ta dubi ƙafafun baƙuwar, ta dubi fuskarta, ta amsa da Sifaniyanci, ita ma da tsawo. Ba wadda ta fahimci kalma ɗaya, kuma ba wadda ta ga dalilin tsayawa.

Nasir ya yi da Turanci tambayar da ta zama dole, ta naman alade da kitsensa. Martina ta ce direbobin tasi Musulmi suna yi mata ita kullum. Ta nuna tukunyar waken da ta dafa da man girki zalla, ta nuna kaskon da ba a ɗora masa komai sai kifi. Hajiya ta bi yatsan Martina da ido, ta leƙa tukunyar. Idonta ya riga ya sauka kan wani babban tulun gilashi cike da jan ruwa da ƙanƙara. Martina ta ɗebo mata a kofi, ta ce sunansa hamaika.

Hajiya ta shinshina. Ta kurɓa. Ta ajiye kofin a hankali.

"Zoɓo ne," ta ce.

Ta nemi a nuna mata busasshensa. Martina ta jawo buhu daga ƙarƙashin kanta ta buɗe. Hajiya ta nutsa hannu a ciki, ta ɗago furannin, ta murza ɗaya, ta tauna. Martina ta gaya wa Nasir cewa dillalinta ya ce daga Afirka ake kawo shi cikin jirgin ruwa zuwa Meziko, daga can kuma ya hauro nan. Nasir ya fassara.

Hajiya ta dubi furannin da ke tafinta. Tun tana budurwa take shuka zoɓo a kan iyakar gonar gero, take tsinkarsa har ƙaiƙayinsa ya cinye mata yatsu. Ta sha ganin manyan motoci suna lodinsa ranar kasuwa, bai taɓa zuwa mata ba ta tambayi inda za su. Ga shi ya ƙetare teku, ya koyi wani suna, ya riga ta zuwa birnin da giwa take tsaye a zaure.

"Ikon Allah," ta ce a hankali. Sannan ta zauna. "Ce mata ta zuba mini."

Martina ta kawo tako, wato wainar masarar da zafinta, an ɗora mata kifi da wake da albasa, ga lemun tsami a gefe. Hajiya ta yi bismillah ta ci da hannu, kamar yadda kowa a shagon yake ci. Nasir bai taɓa nasa ba. Yatsunta yake kallo, har ya ga rawar ta ragu, har ta daina. Ta nemi ƙari. Da ya biya ta sake tambayar kuɗin da naira, ya faɗa, ta ce wannan kam kaza ce, kuma ba babba ba.

Sai ta kwance haɓar gyalenta, inda take ƙulle citta da kanumfari saboda tari. Ta juye su duka a farantin da ta cinye, ta miƙa wa Martina da hannu biyu.

"Inna, ai mun biya."

"Kuɗin na abinci ne. Ba a mayar wa maƙwabciya kwano haka nan. Ka kuma gaya mata zoɓonta ya yi, amma babu citta."

Nasir ya fassara rabin farko. Martina ta shinshina cittar, ta dubi tulunta, da alama rabin na biyu bai buƙaci tafinta ba. Ta yi dariya, ta damƙo busasshen zoɓo cike da hannu, ta naɗe a takarda, ta danƙa wa Hajiya.

Hajiya ta dubi ƙunshin da damuwar wadda aka mayar wa kwano a cike. Ta ƙulle shi a inda cittar ta fito, ta sa takalmanta.

"Ka riƙe hanyar nan da kyau," ta ce wa ɗanta a bakin lungu. "Sai mun dawo mata da wani abu. Yanzu kai ni wajen dogon dutsen can in ga ƙarshensa."