Fuskar Inna Mero

Duk garin Dingaya an san Inna Mero ba ta faɗin sunan Sabo. Shi ne ɗanta na fari, ita kuwa ta riƙi kunyar ɗan fari da hannu bibbiyu, har ta zarce matan da suka koya mata. Tun da aka yaye shi aka kai shi ɗakin kakarsa, in ya shigo tsakar gida sai ta sami abin dubawa a cikin tukunya. In ya durƙusa ya gaishe ta, bango take amsa wa. Mata suna ta yabonta, wai ta san ya-kamata. Ni dai ban ga abin yabo ba, har gobe haushin abin nake ji.

Yanzu Sabo ya zama magidanci, yana can Aljeriya yana aikin gini ba takardu, in ya fito ba shi da hanyar komawa. Da labari ya kai masa cewa hawan jini ya zaunar da Inna, sai ya kira ƙanwarsa Humaira, wadda take jinyarta.

"Abu ɗaya nake so," in ji shi. "Hotonta. Na fuska, Humaira, tana kallona. Wallahi in na rufe ido na nemi fuskar Inna, ɗankwalinta kawai nake gani."

"Yaya, ai ka san wayata. In ba kusa da mutum na je ba, dishi-dishi yake fitowa. Inna kuwa ba za ta bari in matso ba in ta san naka ne."

"Ki san yadda za ki yi, don Allah."

Ranar kasuwar garin Sara Humaira ta je wurin wani mai kayan waya, ya ɗauko mata wani ɗan gilashi mai maƙali irin na shanya, wanda ake ɗafe shi a kan idon waya ya jawo abu na nesa. Ɗan China ne mai araha, shi ma mai kayan bai ɓoye mata ba.

"Hajiya, wannan ba ya son gaggawa," ya ce. "Ki goge shi da gefen mayafi. Rana ta zauna a bayanki, kada ki fuskance ta. Ki manna gwiwar hannu a haƙarƙari, ki ɗauke numfashi, sannan ki danna. Wanda za ki ɗauka kuma kada ya motsa, tsakiya kawai yake fitarwa ras, gefe duk hazo ne."

Humaira ta koma gida ta dage da koyo. Ta ɗauki rumbu, ta ɗauki dammunan gero da aka jingine a bayan ɗaki, ta ɗauki zakaran maƙwabta yana gyangyaɗi. Ta gane hasken hantsi ya fi na azahar, wanda yake ƙona fuska ya bar rami a ido. Ta gane in ta jingina kafaɗa da katanga hannunta ba ya rawa. Kafin a gama yankan dawa ta ƙware.

Inna ce ta gagara. Da farko Humaira ta laɓe a bakin madafa tana ɗauka a sace, amma tsohuwa ba ta zama shiru, ko tana jan carbi ko tana korar kaji, gilashin kuwa ba ya yafe motsi. Ranar da ta gaji da laɓe sai ta fito fili.

"Inna, ki dubo nan. Yaya Sabo ne yake son hotonki."

Inna ta ja mayafi ta juya wa wayar ƙeya.

"Ke ba ki da ta-ido? Wancan ɗin zan zauna in zuba wa ido? Me mutane za su ce?"

"Waɗanne mutane, Inna? Daga ni sai kaji!"

"Tashi ki ba ni wuri."

Haka aka yi ta yi. Humaira ta roƙa, ta yi fushi, ta yi kuka. Kullum ta ambaci Sabo ta ɗaga waya, abin da take samu ƙeya ce, ko gefen kunne, ko tafin hannu ya tare fuska. Ga jikin Inna yana ta ja baya, kumatu sun fara zurmawa. Sabo kuma in ya kira ba ya ma tambaya, jira kawai yake yi.

Wata safiya aka fito da Inna shan hantsi a kan tabarma, haske ya sauka a fuskarta daidai yadda ake so. Humaira ta goge gilashi, ta jingina da katanga.

"Inna, autanki ne ya aiko daga Birnin Kudu. Fa'izu ya ce kewarki ta hana shi karatu, a tura masa hotonki."

Ka ga ikon Allah! Tsohuwar da ake tallafa wa kafin ta zauna, ita ce ta gyara ɗaurin ɗankwali da kanta. Ta ɗago kai, ta dubi tsakiyar gilashin nan, ta saki fuska har wushiryarta ta bayyana.

"Ja'irin yaro," ta ce. "Ɗauki da kyau, ya ga uwarsa."

Humaira ta ɗauke numfashi ta danna. Hoto ya fito ras, har kwallin idonta ana gani. A ranar ta hau babur zuwa bakin titin Gwaram inda sabis yake da ƙarfin tura hoto, ta tura wa Sabo. Ta ga alamar ya buɗe, amma bai ce komai ba.

Ba a daɗe ba Inna Mero ta cika. Ana zaman makoki, tsakar gida cike da mata, wayar Humaira ta yi ƙara. Ta zagaya bayan rumbu ta ɗauka. Suka yi wa juna gaisuwa, suka yi wa mamaciya addu'a. Sannan Sabo ya ce:

"Hoton ya yi kyau, Humaira. Allah ya yi miki albarka."

"Amin, Yaya."

"Wa kika ce mata za ki tura wa?"

Humaira ta mayar da wayar ɗaya kunnen.

"Fa'izu ko?" Muryarsa ba faɗa a ciki, da ma faɗan ya yi da ya fi sauƙi. "Kada ki damu, na gane tun ranar. Ni ba a taɓa yi min wannan fuskar ba. Kullum sai na buɗe shi, sai in ji kamar leƙen ɗakin wani nake yi." Ya ja numfashi. "Waɗanda kika ɗauka da sunana fa, da take juya baya? Turo min su, ko na ƙeyar ne. Su ne nawa."

Wayar Humaira ba ta da wurin ajiya sosai, duk hoton da bai fito ba nan take take share shi. Ta dafa jikin rumbu.

"Yaya, ba su yi kyau ba," ta ce. "Na goge su duka."