Batirin Zumuntar Mata

Malam Pindar sakataren wata ƙaramar majami'a ne a Jiddari Polo, magidanci mai shekara talatin da takwas, mai biro uku a aljihun gaba. Shi ke riƙe da makullin sito, inda ake ajiye kujeru da littattafan waƙa, da lasifikar da ake fita da ita taron fili, da batirin motar da ke ba ta wuta. Duk wanda ya gan shi ba zai ce wasan yara zai hana shi sukuni ba, amma abin da ya faru ke nan a bazarar 1994.

Ajimi ne ya jawo masa, tsohon abokin makarantarsa da ke gyaran rediyo da talabijin a Limanti. Shi ya ba shi aron injin gem, wani ɗan akwati mai ruwan toka da ake jonawa da talabijin, tare da kaset guda ɗaya.

"Wannan ba irin na tsalle-tsalle ba ne," in ji Ajimi. "Labari ne, da Turanci. Mutum huɗu sun karɓa sun dawo min da shi, ba wanda ya ga ƙarshensa. Kai da kake ɗan boko, gwada mu gani."

Labarin wani ɗan masunci ne da zai tara makullai bakwai kafin ya hau hasumiyar wani matsafi ya kashe shi. A baki abin ba wuya. A aikace kuwa, sai ka shiga kowane ƙauye ka gaisa da kowace tsohuwa, ko ɗaya a cikinsu za ta faɗa maka inda kwale-kwale yake. Sai ka yini a daji kana kashe kwaɗi da jemagu don yaron naka ya yi ƙarfi, ka sayi takobi, ka yi gaba kaɗan ka tarar takobin ya zama sanda a gaban dodannin can. Pindar ya sayi littafin rubutu mai shafi tamanin yana zana taswira, yana rubuta wa ya ce me.

A rana ta uku, yana da makulli biyu, aka ɗauke wuta. Da aka dawo da ita ya kunna, sai ga ɗan masunci tsaye a ƙofar bukkar uwarsa, ba takobi ba makulli, kamar bai taɓa fita ba. Pindar ya yi tsaki ya sake farawa. Ya kai makulli uku aka sake ɗaukewa. Ranar ko abincin rana bai ci ba, ya hau Vespa ɗinsa a fusace ya nufi Limanti.

"Wushe, Malam Pindar," Ajimi ya gaishe shi da yarensu, ko kai bai ɗaga daga rediyon da yake gyarawa ba. "An ɗauke maka wuta, ko?"

"Ashe ka sani ka ƙyale ni?"

"Akwai ɗan batiri a cikin kaset ɗin, shi ke riƙe inda mutum ya tsaya. Ya mutu tun kafin ya zo hannuna, irinsa kuma babu a garin nan. Dabara ɗaya ce, kada injin ya mutu. Talabijin ta mutu ba komai, amma shi injin, ko na ƙiftawar ido wuta ta yanke masa, ka koma gidan uwarka. Ka samo batirin mota in haɗa maka."

Pindar bai yi dogon tunani ba. Batiri na nan a sito yana zaman banza, ba jana'iza ba wa'azin fili. Ajimi ya zo ya yanke wayar injin ya maƙala ta a kan batirin, ya jona caja yadda duk lokacin da aka kawo wuta batirin zai riƙa cika. Daga ranar wani ɗan jan haske ya zauna a ƙarƙashin teburin falo, ba ya mutuwa.

Sai dai talabijin ba ta san da wannan yarjejeniya ba, ita sai da wutar gari. In an ɗauke, Pindar ya zauna gumi sharkaf yana kallon jan hasken nan, ya san yaronsa na tsaye a cikin wani kogo, shi kuwa ba ya ganinsa. Wani lokaci ya dawo daga aiki a guje a ce masa ai yanzu-yanzu aka ɗauke. Haushin abin ya fi na farko ciwo, don yanzu ba abin da ya ɓace, kawai dai an hana shi ne. Ya koma mai saurin fushi. Ya hana a yi shara kusa da teburin, ya hana a ɗaga labule da ƙarfi, kaza ta leƙo falo ya bi ta da takalmi har ƙofar gida.

Matarsa Agnes ita ke ba da waƙa a zumuntar mata. Ta zuba masa ido kwana shida, ran Litinin ta yi magana.

"Baban Salomi, ka tuna ran Asabar muna da taron shekara? Matan majami'u tara za su zo, a fili za a yi. Shugabarmu Mama Ladi ta tambayi batiri, na ce mata yana wurinka, kada ta nemi wani."

"Asabar? Kafin Laraba na gama, makulli ɗaya ya rage."

Makulli na bakwai ya ci masa har Alhamis, don sai da ya koma ƙauyen farko ya nemo wani makaho da ya wuce bai gaisar ba. Da la'asar ya hau hasumiyar, hawa goma sha biyu, matsafin ya kashe shi da bugu uku. Gem ɗin ya mayar da shi gindin hasumiya. Ya sake hawa, minti arba'in cur, ya kusa kai matsafin ƙasa aka ɗauke wuta. Ran Juma'a ko ƙyallinta ba a gani ba. Pindar ya yini yana kai da komo tsakanin falo da ƙofar gida, yana leƙen ƙwan fitilar maƙwabta, yana zagin mutanen da bai taɓa gani ba.

Ran Asabar ƙarfe tara da kwata fanka ta motsa. Kafin ta gama juyi ɗaya yana gaban talabijin. Matsafin ya kashe shi nan take, don ya manta a wane hali ya bar yaron, ya koma ƙasa ya kama hawa. Yana hawa na huɗu ya ji a-kori-kura ta tsaya a waje, ya ji muryoyin mata da ƙarar caki da tulunan kiɗa. Agnes ta shigo cikin anko, ɗankwali ɗaure tsaf.

"Mun shirya. Kawo makullin sito a ɗauki lasifika, a zo a ɗauki wannan."

Ya miƙa mata makulli da hagu, idonsa na kan talabijin. "Ku ɗauki lasifikar. Ba ni rabin awa, zan kawo batirin da kaina."

"Ƙarfe goma za a buɗe."

"Rabin awa na ce, Maman Salomi. Kwana goma sha ɗaya abin nan yana kunne. In na cire yanzu, duk wahalar ta tashi a banza."

"Ga wuta an kawo, ka jona a bango mana."

"Ba ya yiwuwa. In waya ta rabu da shi, shi ke nan."

Mama Ladi, shugabar zumunta, tsohuwar malamar asibiti mai jiki, ta yi sallama ta leƙo. Ta dubi batirin majami'a a ƙarƙashin tebur da wayoyi ja da baƙi, ta dubi ɗan mutum yana yawo a talabijin, ta dubi sakatare a zaune a ƙasa da singileti.

"Sakatare, lafiya dai?"

"Lafiya lau, Mama. Ina nan tafe a bayanku."

Ta saki labule ta juya. Agnes ta tsaya kaɗan, kunya ta rufe ta har ta rasa inda za ta sa ido, sannan ta bi bayanta. Pindar ya ji tashin motar, ya ji ba daɗi a ransa, amma wani dodo mai kai biyu ya tare masa hanya, ya mayar da hankali can.

Rabin awa ta zama awa ɗaya. Matsafin ya sake kashe shi. Ya buga ƙafa a ƙasa, ya tashi ya sha ruwa, ya dubi agogo, ya ce wa kansa tun da an riga an makara, gara a makara da dalili. Wannan karon ya bi a hankali, ya tara magunguna, ya ƙi taɓa ko ɗaya sai a hawa na ƙarshe. Yatsunsa sun yi tsami, gumi na shiga masa ido. Sha biyu saura minti goma matsafin ya yi ƙara, ya tarwatse. Pindar ya ajiye abin dannawa, ya jira ya ga yadda ake rufe labari.

Sai hasumiyar ta tsage. Wani tsoho mai farin gemu ya bayyana, rubutu ya riƙa fitowa layi-layi. Ya ce madalla da ɗan masunci, amma wannan matsafin bawa ne kawai, ubangidansa na can ƙetaren teku. Taswira ta buɗe, ƙasar da Pindar ya cika shafi sittin yana zanawa ta koma ɗan tsibiri a kusurwa, ga wata ƙasa da ta ninka ta sau uku. Tsohon ya ce a can akwai duwatsu masu daraja goma sha biyu da za a tara. Aka ajiye yaron a bakin wani sabon ƙauye, wata tsohuwa na tsaye a ƙofa tana jiran a gaishe ta.

Pindar ya daɗe yana kallonta. Ko tsakin ma ya kasa yi. Ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya cire wayar da hannunsa, jan hasken ya mutu. Ya sa riga, ya ɗaure batirin a bayan Vespa da igiyar roba, ya kama hanya cikin rana tsaka.

Ya tarar ana naɗe tabarmi. Mata wajen ɗari uku suna watsewa ƙarƙashin itatuwan dogon yaro, lasifikar na ajiye a kan kujera, ba wanda ya taɓa ta. Waɗanda suka san shi suka gaishe shi sama-sama, suka kau da kai. Agnes na zaune a kan benci tana shan ruwa a kofin roba. Awa biyu ta yi tana ba da waƙa da zallar muryarta a buɗaɗɗen fili, da ta buɗe baki sai da ya matso kafin ya ji abin da take faɗa.

"Ka dai gama?"

Ya tsaya rungume da batirin, nauyinsa na ja masa kafaɗa. Ya so ya ce e, ya ga ba zai iya ba.

"Ban gama ba. Ashe ko rabi ban kai ba."

Ta dube shi, ta dubi batirin, ta shanye sauran ruwanta.

"To mayar da shi sito," ta ce da dasasshiyar murya. "Mu mun gama namu."